Ƙofa ta 22: Yadda ake sarrafa ƴar ƙaramar kwamfuta daga nesa, da wanda ke iya biyo sawu

A watan Yunin 2019, ofishin babban mai bincike na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya fitar da rahoton da ya kunyata ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinta. Cibiyar ita ce JPL da ke jihar Kalifoniya, inda ake ƙera motocin da ake saukarwa a duniyar Mars. Rahoton ya bayyana cewa wani mai kutse ya shafe kusan wata goma yana kai-komo a cikin hanyar sadarwar cibiyar kafin a farga da shi a watan Afrilun 2018, kuma ya yi awon gaba da bayanai kimanin megabait 500. Mashigarsa wata ƴar kwamfuta ce mai suna Raspberry Pi, wadda girmanta bai fi katin cirar kuɗi ba. Wani ne ya jona ta a hanyar sadarwar ba da izini ba, kuma babu sunanta a kundin kayan cibiyar.

Wannan labari ya shafi duk mai aiki a ma'aikata ko hukuma, domin ire-iren waɗannan ƙananan alluna sun daɗe da shigowa ofisoshinmu ba tare da sallama ba. Na'urar ɗaukar zanen yatsa da ke bakin ƙofa, talabijin ɗin sanarwa da ke ɗakin jira, akwatin da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro, da na'urar da ke lura da batiran sola, kowannensu da ƴar kwamfuta a cikinsa. Kuma kusan dukkansu an yi musu ƙofar da injiniya zai riƙa shiga daga nesa. Sanin yadda ƙofar take, da wanda ke riƙe da mabuɗinta, ya wuce a bar wa ɗan kwangila shi kaɗai.

Allon da ba shi da fuska

Kafin a ƙera irin waɗancan na'urori, injiniyoyi kan fara aikin a kan abin da suke kira allon gwaji. Allo ne guda, sau da yawa kore, ɗauke da ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ramukan USB, da ramin kebul ɗin intanet, da jerin ƙananan ƙusoshi da ake ɗaura wa fitila ko injin ko ma'aunin zafi. Wanda ya fi shahara shi ne Raspberry Pi, da wata gidauniya a birnin Kambirij na Ingila ta fara sayarwa a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35, da nufin koya wa yara rubuta manhaja. BeagleBone Black ya biyo baya a 2013. Dukkansu biyun cikakkun kwamfutoci ne masu aiki da manhajar Linux. Arduino, wanda ɗaliban jami'o'inmu suka fi sabawa da shi, nasa zubin daban: galibin nau'o'insa ba su ɗaukar Linux, saboda haka ta kebul ɗin USB ake yi masa magana.

Allon gwaji ba ya zuwa da fuskar kallo, ba ya zuwa da madannan rubutu. Ko da an saya masa su, inda zai yi aiki ba wurin zama ba ne: saman rufi, cikin akwatin ƙarfe a kulle, ko ofishin shiyya a Gusau alhali injiniyan yana Abuja. Shi ya sa ake aron fuska da madannan wata kwamfutar, a zauna a gabanta ana rubuta umarni, allon yana aiwatarwa yana maido da amsa.

Tsohuwar hanyar yin haka ita ce ta wayoyi uku. Ana sayen ɗan kebul da kansa guda ke shiga ramin USB na kwamfuta, ɗaya kan kuma ya rabu zuwa siraran wayoyi. Ɗaya ta aikawa ce, ɗaya ta karɓa, ta ukun ta ƙasa. Ta aikawar kwamfuta ana ɗaura ta a ƙusar karɓa ta allo, ta karɓar kuma a ƙusar aikawa, kamar dai bakin wani a kunnen wani. Sai a buɗe manhaja irin su PuTTY, a saita gudun zancen, wanda a yawancin alluna 115200 ne. Idan gudun ɓangarorin biyu bai zo ɗaya ba, tarkacen alamomi kawai za su cika fuskar kwamfutar. Akwai kuma abin kiyayewa: ƙusoshin Raspberry Pi da na BeagleBone bolt 3.3 suke ɗauka, wanda ya kai musu bolt 5 yana iya ƙona allon nan take.

Wannan hanya ba ta da nisa, iyakarta tsawon kebul. Amma gogaggun ma'aikata ba su rabuwa da ɗan kebul ɗin a jaka, saboda yana aiki ko babu intanet, kuma yana nuna abin da allon ke faɗa tun daga lokacin da aka kunna shi. Ranar da komai ya tsaya, shi ake nema.

Abin da wani ɗan Finlan ya ƙirƙira

Hanyar da ta mamaye duniya ita ce SSH. Kafin zuwanta, ana amfani ne da wata mai suna Telnet, wadda ke aika komai a fili, har da kalmar sirri. Duk wanda ya kasa kunne a kan layin zai karance ta kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. A 1995 aka yi irin wannan satar a jami'ar fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, sai wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta manhajar da ke murɗe zancen tun daga kwamfutar mai aikawa, ba ya warwarewa sai a wurin mai karɓa. Ya nemi a ba ta lambar ƙofa, aka ba shi 22, wadda ta faɗo tsakanin 21 ta aika fayil da 23 ta Telnet. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da nau'in kyauta mai suna OpenSSH, shi ne yau ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Tun 2018 ma Windows 10 ke zuwa da shi, ba sai an sauke wata manhaja ba.

Maganar ƙofa tana buƙatar ɗan bayani. Kowace na'ura a hanyar sadarwa tana da adireshi, kamar lambar gida. A cikin gidan kuma akwai ƙofofi sama da dubu 65, kowace da aikin da ke jira a bayanta. Shafukan intanet suna amsawa a ƙofa ta 80 da ta 443. SSH yana jira a ta 22.

Idan allon da kwamfutar suna kan rauta ɗaya, wato akwatin da ke rarraba intanet a ofis, aikin bai fi layi guda ba. Mutum zai buɗe tagar umarni ya rubuta ssh, sai sunan mai amfani, sai alamar @, sai adireshin allon, misali ssh musa@192.168.1.50. Wahalar farko ita ce sanin adireshin, tunda allon ba shi da fuskar da zai nuna shi. Ana iya duba jerin na'urorin da ke shafin rautar, ko a kira allon da suna, domin sabon Raspberry Pi yakan amsa sunan raspberrypi.local. BeagleBone Black ya sauƙaƙa abin: da an jona shi da kwamfuta ta kebul ɗin USB, yakan bayyana a adireshin 192.168.7.2. Mai son ganin cikakkiyar fuskar allon da hotuna da linzami sai ya ƙara da VNC, sai dai ta fi cin data, kuma a layi mai rauni tana ja kamar kunkuru.

A karon farko, kwamfutar za ta nuna wani dogon jerin haruffa ta tambaya ko an yarda da shi. Wannan tambarin allon ne, kuma kwamfutar za ta adana shi. Duk ranar da aka dawo tambarin ya canja, sai ta ƙi shiga, ta yi gargaɗi da manyan haruffa. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne, an sake zuba wa allon manhaja. Amma yana iya kasancewa wata na'ura ce ta yi shigar burtu ta tsaya a tsakani. A nan ake gane ma'aikacin kirki, domin da yawa goge gargaɗin kawai suke yi su wuce.

Kwaɗo da mabuɗi

Kalmar sirri ita ce raunin wannan tsari. Ana iya cankarta, ana iya leƙenta, ana rubuta ta a takarda a manna a gefen tebur, ana tura ta a zauren WhatsApp na sashe. SSH yana da abin da ya fi ta. Da umarnin ssh-keygen, kwamfutar mutum za ta ƙera abubuwa biyu masu tafiya tare. Ɗaya tamkar kwaɗo ne, ana iya ba kowa shi, ana kuma ɗora shi a kan allon da umarnin ssh-copy-id. Ɗayan mabuɗi ne, ba ya barin kwamfutar mai shi. Idan an zo shiga, kwamfutar takan tabbatar wa allon ta hanyar lissafi cewa mabuɗin kwaɗon yana hannunta, ba tare da mabuɗin ya bi ta kan layi ba. Bayan an gwada an ga yana aiki, sai a rufe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, a kuma hana shiga kai tsaye da sunan babban mai iko, wanda Linux ke kira root.

Duk wannan bai kai aikin minti goma ba. Abin da ke biyo bayan ƙin yin sa kuwa duniya ta gani a 2016.

A shekarar ce wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu. Dabararta ba ta da wani zurfi: tana bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofar Telnet, idan an amsa sai ta gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin sittin da kamfanoni ke saka wa kayansu tun daga masana'anta. Da haka ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ta mayar da su runduna. Ranar 21 ga Oktoban 2016 aka saki rundunar a kan kamfanin Dyn na Amurka, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari jama'a da dama buɗewa. Wutar ta iso Afirka ta Yamma. Wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani nau'in Mirai ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ɗin ƙasar ya shiga mawuyacin hali a watan Nuwamban shekarar. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32. Masu kyamarorin da aka yi yaƙin da su, akasarinsu ba su ma san an shiga kayansu ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara da shekaru kowane Raspberry Pi yana fitowa da suna ɗaya, pi, da kalmar sirri ɗaya, raspberry, ga kuma ƙofa ta 22 a buɗe. A ƙarshen Nuwamban 2016 masu shi suka rufe ƙofar, ya zama sai mutum ya buɗe ta da kansa, ta hanyar ajiye fayil maras komai mai suna ssh a katin ajiyar allon. A Afrilun 2022 suka cire sunan pi ɗin ma baki ɗaya. Yanzu manhajarsu ta zuba tsari a kati, Raspberry Pi Imager, tana ba mutum damar zaɓar suna da kalmar sirri da ɗora kwaɗonsa tun kafin a kunna allon. Gwamnatoci ma sun shigo: tun 29 ga Afrilun 2024 doka ta hana sayar da na'urori masu shiga intanet a Birtaniya da kalmar sirri ta bai-ɗaya mai sauƙin canka. Sai dai doka ba ta komawa baya ta gyara allon da aka kafa a 2015 aka manta da shi a saman silin. Yana nan yadda aka bar shi.

Daga Abuja zuwa ofishin shiyya

Shiga allon da ke ɗaki ɗaya da kai abu ne, kai wa ga wanda ke wata jiha kuma wani abu ne daban. Adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba a ganinsa daga waje. Littattafan koyarwa da aka rubuta a Turai sukan ce a shiga rauta a buɗe ƙofa ta 22 zuwa ga allon. A nan ƙasar shawarar takan ci tura, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Tsohon tsarin adireshin intanet guraben kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babban rumbun rabonsu ya ƙare tun Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin wayar salula sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda. Rautar da ke aiki da layin waya galibi ba ta da adireshin kanta a idon duniya, don haka ba yadda baƙo zai ƙwanƙwasa mata. Starlink ma, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, haka yake yi wa masu ƙaramin tsari.

Wannan cikas alheri ne a ɓoye. Duk allon da aka buɗe wa ƙofa ta 22 ga duniya, ba ya daɗewa kundinsa ke cika da yunƙurin shiga daga manhajojin da ke yawon gwada sa'a dare da rana. Wasu kan mayar da ƙofar wata lamba, misali 2222. Hakan yana rage hayaniya, amma bai wuce sauya wa ƙofar gida wuri ba tare da sa mata kwaɗo ba.

Mafita ita ce allon ya zama shi ne mai kira. Yana iya buɗe rami daga ciki zuwa wata kwamfuta da hukumar ta mallaka, injiniya ya bi ta ramin ya iso gare shi. SSH da kansa yana iya yin haka. Akwai kuma keɓantacciyar hanya ta VPN, irin su WireGuard da aka shigar cikin zuciyar Linux a Maris na 2020, da Tailscale da aka gina a kansa, da Raspberry Pi Connect da ya fito a 2024, wanda ke ba da damar shiga allo ta manhajar buɗe shafukan intanet. Biyun ƙarshe sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma suna dogara ne da kamfanin waje wajen haɗa ɓangarorin biyu. Ga ɗalibi ko mai gona wannan ba komai ba ne. Ga ofishin gwamnati kuwa, ramin da allo ya haƙa daga ciki yana tsallake katangar tsaron da aka kashe kuɗi aka gina, kuma sashen fasahar sadarwa ba lallai ya gan shi ba. Ma'aikatar da ke kan layin Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati da ke haɗa hukumomin tarayya, ba gidanta kaɗai take jefawa cikin haɗari ba idan ta bar irin wannan rami ba a sani ba. A lamarin JPL, sai da cibiyar Johnson da ke Houston, mai kula da ƴan sama-jannati, ta yanke haɗinta da su na wani lokaci don gudun kada wutar ta tsallako.

Sai kuma matsalar da ta fi kowace zama tamu, wato wutar lantarki. Allon yana ajiye komai nasa a ɗan katin ajiya irin na waya, kuma ɗauke wuta a daidai lokacin da yake rubutu yana iya lalata katin. Allon da ya kasa tashi ba ya amsa SSH, sai dai wani ya hau mota ya je. Ga kuma batun agogo: nau'o'in Raspberry Pi kafin na 5, wanda ya fito a Oktoban 2023, ba su da agogo mai batiri, sai sun samu intanet suke sanin ƙarfe nawa. Idan wuta ta dawo allon ya riga rauta tashi, yana iya zama da tsohon lokaci, wasu hanyoyin tsaro kuma su ƙi karɓarsa. Ɗan batirin tsaye da zai riƙe allon da rautar tare ya fi kuɗin mota zuwa Damaturu araha. Haka nan a roƙi rautar ta riƙa ba allon adireshi ɗaya kullum, in ba haka ba kowace dawowar wuta sai an shiga nemansa.

Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da suka koya da wahala: idan kana gyara saitin ƙofar daga nesa, kada ka rufe tagar da ka shiga da ita sai ka buɗe ta biyu ka tabbatar tana shiga. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya kulle mutum a waje, mabuɗi a ciki.

Tambayoyin da mai sa hannu zai yi

Ba a buƙatar darakta ko mataimaki na musamman ya iya rubuta umarni. Amma shi ke sa hannu a takardar karɓar aiki, kuma idan bayanan jama'a suka fita, ofishinsa doka za ta tambaya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan an samu kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta sa shiga kwamfutar wani ba da izini ba cikin laifuka, kuma akwai cibiyar ngCERT a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da ake kai wa rahoton irin waɗannan hare-hare. Na'urar zanen yatsa kuwa bayanan jikin ma'aikata take riƙe da su, abin da ba a canja shi kamar kalmar sirri.

Saboda haka, kafin a sallami ɗan kwangila, ya dace a ji daga bakinsa alluna nawa ya kafa da inda kowanne yake, a kuma shigar da su kundin kaya kamar yadda ake shigar da janareto da kujeru. A tambaye shi ta wace hanya yake shiga daga nesa, ko ta ratsa wani kamfani, kuma da sunan wa aka buɗe asusun. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, don ba abin mamaki ba ne a tarar asusun yana kan adireshin imel na wani matashi mai hidimar ƙasa da ya gama ya tafi. A kuma san wanda zai riƙa sabunta manhajar allon. Ko SSH ɗin ba a raba shi da sa ido: a Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa a na'urarsa, ya bi diddigi ya tono wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar matse fayil mai suna xz, kafin ta kai ga yawancin na'urorin duniya.

Akwai bincike ɗaya da shugaban sashe zai iya sa a yi a gabansa. A cikin kowane allon da ake shiga da mabuɗin SSH akwai fayil mai suna authorized_keys, inda ake jera kwaɗunan duk waɗanda aka yarda su shiga, kowane kwaɗo a layinsa, kuma galibi da sunan mai shi da na kwamfutarsa a ƙarshen layin. A buɗe shi a karanta sunayen da ƙarfi. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki, da wanda ya yi ritaya, da kamfanin da kwangilarsa ta ƙare bara, duk suna iya shiga har gobe muddin layinsu yana nan. Goge layin shi ne karɓe mabuɗin, kuma kamata ya yi ya shiga takardar miƙa aiki, kusa da makullan ofis da katin shaida.